Bargon Tela Mai Ragin Yadi

A wani gari an yi wani tela mai tsohon keken ɗinki. Duk yadin da aka kawo masa, sai ya yanke ƙyalle ya ɓoye, ya ce, "Ai ba a ganewa." Wandunan mutane suka yi ta ɗangalewa, yana ta cewa, "Ai ba a ganewa."

Da ƙyallayen suka taru, ya hau keke ya harhaɗa ƙaton bargo. Don a yaba, ya shanya shi a ƙofar gida.

Mahauci ya ja birki ya ce, "Af! Ga sauran wandona!"

Mai ƙosai ta ce, "Ga bakin zanena!"

Kowa ya ari almakashin tela ya yanke nasa, aka bar shi riƙe da zare. Maƙwabcinsa ya miƙo hannu ya ce, "Malam, zaren ma na gane shi."