Matoshin da Ke Aljihun Dokta

Ƙarfe tara na safiyar Laraba wayar ofishin 'yan sanda ta yi ƙara. Insifekta bai ɗaga kai ba, ya duƙufa a kan wayar hannunsa yana kallon hotunan tsofaffin motocin sayarwa. Sajan ne ya ɗauka.

"Yallaɓai, an saci jirgin ruwa."

"A tafki?"

"A tsakar gida. Har da amalanken da ake ɗora shi a kai."

Insifekta ya ajiye wayar, ya ɗauki hularsa. Shi ma yana da jirgi, ɗan ƙarami mai inji da mahaifinsa ya bar masa. Shekara biyu ke nan jirgin yana bayan gida, kajin matarsa suna ƙwai a ciki, saboda ba shi da motar da za ta ja shi. Ba sabuwa yake nema ba. Abin da zai yi sau huɗu ko biyar a shekara bai kai ya sa mutum ya tatike aljihunsa ba. Tsohuwa yake so, mai araha, mai ƙarfin ƙashi. Sati uku yana zagaya wuraren dillalai, har matarsa ta ce ko auren fari bai yi wa wannan bincike ba.

Mai jirgin da aka sace tsohon likitan dabbobi ne da ya yi ritaya, kowa Dokta yake ce masa. Sun same shi tsaye a inda jirgin yake zama, yana kallon ƙasa. Gefensa 'yarsa ce, idonta ja wur, da mijinta cikin kwat mai kyau. Can bakin ƙofa wani dattijo yana zaune a kan benci, hannayensa a kan gwiwa.

"Yaushe kuka rasa shi?"

"Jiya," in ji Dokta. "Na tafi asibiti da safe a duba mini ido. Na dawo da yamma, ba jirgi."

"Ga wanda za ka tambaya can," 'yar ta nuna dattijon. "Shekara ashirin da biyu yana gadin gidan nan. Ba a fasa kwaɗo ba, ba a haura katanga ba. Na karɓe makullan tun jiya. In bai faɗi gaskiya ba, yau zai tattara kayansa."

Insifekta ya je wajen dattijon, ya zauna kusa da shi a bencin.

"Baba, ina kake jiya da rana?"

"Nan nake, yallaɓai. Barci ne ya ɗauke ni."

"Ba ka ji komai ba?"

"Ko kaɗan."

Insifekta ya miƙe, ya tura ƙofar ƙarfen da hannu ɗaya. Ta saki wata irin ƙara da ta sa karen maƙwabta haushi. Ya dubi dattijon, dattijon ya sunkuyar da kai. Insifekta ya daɗe a aikin nan, ya san fuskar ɓarawo, ya kuma san fuskar mai rufa wa wani asiri. Wannan ta biyun ce, kuma abin ya taɓa masa rai.

Ya juya ga surukin. "Kai fa?"

"Ina ofis tun safe. Motata ma tana gareji, taksi na shiga."

"Me ya same ta?"

"Sabis kawai."

Dokta ya sa hannu a aljihu, ya fito da wani ɗan abu na tagulla mai zare, tsawonsa bai fi babban yatsa ba. Yana juya shi a tafin hannu kamar bai san yana yi ba.

"Mene ne wannan, Dokta?"

"Matoshi. Akwai rami a gindin jirgin ta baya, inda ruwan da ya taru yake fita. In na dawo daga tafki sai in kwance shi don jirgin ya bushe, in sa a aljihu. Haka nake yi shekara da shekaru, don kada in manta in mayar. In ka sa jirgin a ruwa ba shi, kafin ka tayar da inji ruwa ya kai maka idon sawu."

"Wa ya san da haka?"

"Ni da Baba mai gadi. Shi yake wanke mini jirgin."

Insifekta ya rubuta wannan a littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashi. Ya ce wa 'yar kada a kori kowa sai ya dawo.

Washegari da hantsi wani dillalin motoci ya kira shi, murya cike da murna.

"Yallaɓai, addu'arka ta ci. Jiya aka kawo ta. In ka yi jinkiri wani zai riga ka."

Insifekta ya ja Sajan suka tafi. Mota ce doguwa mai ruwan toka, an wanke ta tana sheƙi, an buɗe duk ƙofofinta. Farashin da dillalin ya raɗa masa ya sa shi murna, sannan ya sa shi shakka.

"Ta wa ce?"

"Wata tsohuwa. Kasuwa kawai take zuwa da ita. Ko keken yara motar nan ba ta taɓa ja ba."

Yayan Insifekta makanike ne, kuma ya sha gaya masa cewa in za ka sayi motar jan kaya, ka bar fuskarta ka duba gindinta. Don haka ya cire hula, ya ba Sajan, ya kwanta a ƙasa ya leƙa.

Ƙarfen bayan duk ya yi tsatsa, sai wurare huɗu da suke fari fes, inda aka ɗaure wani abu da noti kwanan nan aka kuma kwance. Ƙugiyar ja ce, ba shakka.

Ya tashi ya karkaɗe jikinsa, ya shiga ya tayar da motar. Ya taka kuloci, ya sa giya. Motar ta yi gurnani kafin ta motsa, wani ƙauri ya taso.

"Tsohuwar nan tana da nauyin ƙafa," ya ce.

Dillalin ya yi dariyar yaƙe.

Insifekta ya danna kafet ɗin baya da yatsa, ruwa ya fito. Ya buɗe but, ya ɗaga safaya taya. A ramin da take zama akwai laka, da ganyen ruwa, da 'yan ƙananan katantanwa guda biyu, ɗaya ma tana motsi.

"Wannan kasuwar da tsohuwa take zuwa, a cikin tafki take?"

"Yallaɓai, ni dai abin da aka gaya mini..."

"Kawo takardun motar."

Dillalin ya fara kame-kame, Sajan ya gyara tsayuwa. Nan da nan takardu suka fito daga durowa. Insifekta ya karanta sunan da ke jiki, ya yi ajiyar zuciya. Ya so motar nan, har ga Allah.

Daga nan suka wuce tafki. Mutumin da ke kula da gangarar da ake sauke jirage bai bari sun gama tambaya ba.

"Ranar Talata? Ai har yanzu muna dariyar abin. Wani ne ya zo da takalmin ofis, da abokansa uku da kwandon abinci. Suka tura jirgi ruwa, suna ɗaukar hoto, jirgin yana nitsewa. Ya ruɗe, ya yi baya da mota don ya tsamo shi, har ruwa ya kai ƙofofi. Da ƙyar muka turo su, kuloci yana hayaƙi."

"Za ka gane shi?"

"Ko cikin mutum dubu."

Da la'asar Insifekta ya tara su duka a falon Dokta. Baba mai gadi ya ƙi zama a kujera, ya tsaya bakin ƙofa. Insifekta ya ajiye takardun motar a kan tebur, ya roƙi Dokta ya ajiye matoshin kusa da su.

Ya dubi surukin. "Wane gareji ka ce motarka take?"

"Na... na canza shawara. Na kai ta a sayar. Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne, ni ma saura kaɗan in saya. Me ya kai katantanwa cikin but ɗinka?"

Surukin ya dubi takardun da ke kan tebur.

"Duk wanda ya san jirgin nan ya san ba a sa shi a ruwa sai da wannan," Insifekta ya taɓa matoshin. "Baba ya sani. Da shi ne ya haɗa baki da ɓarayi, da ya gaya musu. Wanda ya ɗauki jirgin bai sani ba, shi ya sa ya nitsar da shi, ya jiƙa motarsa, ya ƙona kuloci. Mai kula da gangara yana waje cikin motarmu. In kira shi?"

Surukin ya sassauta abin wuyansa. Gumi ya keto masa.

"Ba sata na yi niyya ba," ya ce. "Na gaya wa abokan aikina ina da jirgi. Suka matsa sai na kai su. Na ce zan mayar kafin Baba Dokta ya dawo daga asibiti. Da abin ya lalace, sai tsoro ya kama ni."

"Ina jirgin?"

"Bayan sito na wani abokina. Na rufe shi da tampol."

"Kuma kana tsaye aka karɓe makullan dattijon nan, ba ka ce uffan ba. Ka kuma yi wa hukuma ƙarya."

'Yar Dokta ta juya a hankali ta dubi Baba mai gadi. "Baba, kai ka buɗe masa ƙofa?"

"Ya ce Dokta ne ya aiko shi, na zaci ya ba shi matoshin," dattijon ya ce. "Da na gane ba haka ba ne, sai na dubi gidanki. Ni na riƙa kai ki makaranta a kan keke. Ba da bakina za a ji abin da zai taɓa aurenki ba."

Ta rufe fuska da gyale. Dokta ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa.

Sajan ya riƙe hannun surukin, ya yi waje da shi. Insifekta ya ce ba sai an sa ankwa ba, mai takalmin ofis ba ya gudu da nisa.

A tsakar gida Insifekta ya tsaya gaban wata tsohuwar a-kori-kura da ke ƙarƙashin bishiya, fentinta ya koɗe, gefenta a lotse. Bai iya daurewa ba, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Ba ɗigon tsatsa.

"Da ita Dokta yake jan jirgin," Baba ya ce daga bayansa. "Duk ranar da ta dawo daga ruwa sai na wanke mata ciki da tiyo. In za ka saya, yallaɓai, irin wannan za ka nema. Mummuna, mai nauyi, birki mai kyau. Ka tambayi wanda yake wanke ta, kada ka tambayi mai sayarwa."

"Na gode, Baba. Sati uku ban ji magana mai amfani kamar wannan ba."

Ya shiga motar 'yan sanda yana murmushi, yana tunanin yadda matarsa za ta yi dariya in ta ji motar da ya samu tana caji ofis a matsayin shaida. Sajan ya tayar, amma ƙofar gidan a kulle take, kuma mai buɗe ta ba shi da makulli.

Sai ga 'yar Dokta ta fito da sauri ba takalmi. Ta durƙusa a gaban dattijon, ta miƙa masa makullan da hannu biyu, hawaye na zuba.

"Baba, ka yafe mini."

"Tashi, 'yata, ƙasa da zafi," ya ce. "Ki shiga ki ba mahaifinki ruwa."

Ya karɓi makullan, bai ko duba ba yatsunsa suka zaɓo wanda ya dace. Ƙofar ta saki ƙararta, karen maƙwabta ya amsa. Insifekta ya ɗaga hannu ya sara masa, Baba ya gyara tsayuwa a bakin ƙofarsa ya rama.