Amaryar Haya

Ranar da Aku ya fara ganinta, lasifika ce a bakinsa, bayansa kuma bas cike da baƙi masu faffaɗar hula. Aku ake ce masa don surutu ne abincinsa. A kamfanin baffansa yake aiki, yana yawo da masu buɗe ido a wani birni na tsakiyar hamada. Da safe ya kai su tsohuwar hasumiya su hau su sauko suna haki, daga nan rijiyar da ake jefa tsakuwa a ciki a kasa kunne, sai kasuwar gishiri, sai hawan raƙumi. Da yamma a nufi tudun rairayi kallon faɗuwar rana.

To, a kan tudun nan Baffa ya ƙirƙiro sabuwar dabara. An kafa rumfa, an shimfiɗa darduma, an zaunar da yarinya cikin kayan amare. Duk baƙon da ke so sai a naɗa masa rawani ya zauna gefenta kamar ango, a ɗauki hoto, ya tashi wani ya zauna. In baƙi sun noƙe, direban bas ne ke fara zama don ya zaburar da su.

Aku na tsaka da bayani iska ta ɗage mayafinta. Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba, sai ga shi baki sake, lasifika na ta ƙugi.

"Malam, ci gaba mana," in ji ta, ko kallonsa ba ta yi ba. "Rana ba za ta jira ka ba, ni kuma ƙafata ta sage."

Shi ke nan, 'ya'yana, an gama da shi.

Washegari ya zo mata da ruwan sanyi. Rana ta uku ya zo da ƙaramin matashi ta sa a ƙarƙashin gwiwa. A hankali ya ji labarinta: babanta tsohon mai raƙumi ne da ya faɗo ya karye a ƙugu, ita kaɗai ce ke riƙe da gidan. Ya sa mata suna Raɓa, wai don a garin nan ba abin da ya fi ta wuyar samu.

"Raɓata," ya rubuta mata, "yau na ce wa baƙi hasumiya ce ta fi komai kyau a garin nan. Allah ya yafe mini ƙaryar da na yi."

"Aku sarkin baki," ta amsa. "Ka ci abinci? In ba ka ci ba kada ka sake rubuto mini."

Amma akwai direba. Ya daɗe yana zama kusa da ita a kan darduma har ya fara jin wurin nasa ne. Da ya nemi ta ta ƙi, sai ya tattara duk hotunan da ke wayarsa, ya kai aka wanke, ya miƙa wa mahaifiyar Aku cikin leda.

Mama ba ta yi faɗa ba. Murmushi ma ta yi, ta ce wa ɗanta, "Kawo mini ita in gani."

Raɓa ta zo cikin mayafinta mafi kyau, ta durƙusa ta gaishe ta. Sai ta ga falo cike da mata, ƙannen Mama da maƙwabta, kowa ta gyara zama kamar mai jiran kallo. Mama ta zazzage ledar a kan tabarma, hotuna suka baje har ƙofa. Ga ta da mai tumbi, ga ta da tsoho mai sanda, ga ta da wanda rana ta ƙona wa hanci.

"'Yar nan, taimake ni, idona ba ya gani sosai," in ji Mama. "Wanne ne maigidan a ciki? Ko duk kin gama iddarsu?"

Falo ya ɗauki dariya. Wata gwaggo ta ɗaga hoto ɗaya ta ce, "Wannan ko haƙori ba shi da shi, yarinyar ba ta da zaɓe!"

"Aiki ne, Mama," in ji Raɓa.

"Ai na ga aiki. Ɗana ba zai kawo mini ragowar bas ba."

Raɓa ta ɗaga ido ta nemi Aku. Yana tsaye jikin labule yana kallon ƙasa. Shi da ke iya magana tun daga hasumiya har tudu ba tare da ya haɗiyi yawu ba, ranar nan ko tari bai yi ba. Ta tashi, ta taka hotunan ta fita. Da yamma kuma ta sa kayan amare ta hau tudu ta yi murmushi, domin maganin babanta ba ya jiran mai kuka.

Saƙo ya yi ta zuwa.

"Raɓata, na ci amanarki. Ki zage ni, amma ki amsa."

"Raɓa, ko harafi ɗaya."

Shiru. A kan tudu kuwa direba ya riƙa matsowa yana raɗa mata, "Amarya, yaya surukarki?"

Ana nan sai Baffa ya kira Aku ofis, ya ba shi kujera, abin da bai taɓa yi ba.

"Ɗana, uwarka ba ta tsallake maganata. Ni zan sa ta yarda. Sharaɗina ɗaya: a ɗaura auren a kan tudu, da faɗuwar rana, baƙi na kallo. Sun gaji da na wasa, suna tambayar na gaske."

Ku ji wautar masu sana'a! Aku ya shekara yana gaya wa mutane tudun nan ya fi ko'ina kyau a duniya, har ya yarda da bakinsa. Ya ɗauka girmamawa ce. Ya amsa nan take, ya fita yana tsalle, ya ce sai ya sayi zobe zai yi wa Raɓa albishir.

Direba ya riga shi. Yammar nan, gaban baƙi, ya karɓe lasifika ya sanar: "Jama'a, mako mai zuwa akwai na musamman! Amaryarmu za ta yi auren gaske a nan, mai son kujerar gaba ya yi magana da ofis!"

Baƙi suka tafa. Raɓa ta zauna kamar an dasa ta har aka gama hotuna. Da bas ta fara cika, ta tare Aku a bayan rumfa.

"Uwarka ta shimfiɗa ni a tabarma, ka yi shiru. Yanzu ka buɗe baki, sai ka sayar da ni."

"Wallahi Raɓata, hanya na nema mana. Wuri ne mai kyau..."

"Mai kyau ga wanda ya zo ya tafi. Ni gwiwata ta san shi. Duk wanda ya zauna a dardumar nan tashi yake yi, Aku. In kana so na, ka zo ɗakin babana, a rufe ƙofa, kada a shigo da waya ko ɗaya. In ba haka ba, ka bar ni da angwayena, su aƙalla ba su yi mini alkawari ba."

Ya je ya faɗa wa Baffa ya fasa auren tudu. Baffa ya miƙa hannu ya ce, "Lasifikata." Ya je ya faɗa wa Mama. Ta ce, "In ka fita ƙofar nan don ita, ka ɗauki takalmanka duka."

Ya dubi ƙofar. Sannan ya sunkuya ya ce, "Mama, ki yafe mini. Ranar nan na yi shiru don ke, yau ba zan iya ba." Ya kwashi takalmansa.

A ɗakin tsohon mai raƙumi aka ɗaura, ɗaki ɗaya mai fanka da ba ta juyawa. Liman ne, da shaidu, da ƙanin mahaifin Aku guda da ya zo a ɓoye ya tsaya masa. Tsohon na kwance a gadonsa, ya kama hannun Aku da ƙarfin da ba a zata ba.

"Yaro, an daɗe ana kallon 'yata. Kai ka gan ta."

"Na ji, Baba."

A daidai lokacin bas ta tsaya a gindin tudu. Baffa bai fasa komai ba. Ya samo wata yarinya ya lulluɓe ta, direba ya sha rawani, wani ɗan dako ya yi liman. Baƙi suka tafa, wata baƙuwa har da hawaye. Babu ko ɗaya da ya lura an canza amarya.

Da labarin ya iso, Raɓa ta ce, "Allah sarki yarinyar. Wa zai kai mata matashi?"

"Gobe zan aika mata," in ji Aku. "Ni fa yanzu ba ni da aiki, Raɓata. Ba ni da kowa sai ke da baki."

"To rufe bakin ka ci abinci, angona."

Mama ba ta zo ba, har yau kuma ba ta taka gidan ba, ni kuwa ba zan yi muku ƙaryar ta sauko ba. Amma aure ya ɗauru, kuma yana nan. Allah ya sanyaya zuciyar uwar, ya ba tsohon lafiya, ya ba yaran nan zaman da ba mai leƙa shi. Amin.