Takalman Nana a Bakin Nilu

Takalman aka fara gani. Jajaye ne 'yan ƙanana, an jera su daf da juna a kan laka, bakinsu na kallon ruwa. Mai su kuwa, Nana Fatima 'yar shekara uku, ko sama ko ƙasa.

Ranar Shammun Nasim ce, bikin da Misirawa ke fita shan iska da kifin gishiri da rinannen ƙwai. Ɗalibai 'yan Arewa daga unguwar Hayyus Sabi' sun rataya jakunkunan baya sun haye kwalekwale zuwa Tsibirin Dahab, inda babu gada babu mota, sai gonakin ayaba a tsakiyar Nilu. Murja, uwar Nana, ta zo ne don yarinyar ta sha iska, domin tun rasuwar mijinta Gidaɗo bara daga ɗaki sai makaranta. Ta bar ta a tabarma cikin jama'a ta tafi masallaci, layin alwala ya riƙe ta. Da ta dawo, abin da ta tarar ke nan.

Masu kiɗa suka ajiye ganguna. Ganyen ayaba ma ya daina motsi. Wata tsohuwar tsibirin ta dubi kogin ta ce ƙasa-ƙasa, "Naddaha ce. Matar ruwa. In ta kira sunanka, sai ka bi ta."

Ummukulthum, yayar marigayi Gidaɗo, ta faɗi tana birgima. "Wayyo jinin ƙanina! Ruwa ya cinye mana!"

Murja ba ta yi kuka ba tukuna. Ta tsuguna ta duba lakar. Babu sawun ƙaramar ƙafa ko ɗaya, sai wani wuri da aka share da reshe. Kuma ta san 'yarta: Nana ba ta cire takalmi, wurgi take yi da shi, ɗaya gabas ɗaya yamma.

Ta fara da Harun, jagoran tafiyar.

"Malam Harun, kana ina?"

"Wallahi Maman Nana, na zagaya da maza ƙarshen tsibiri ɗaukar hoto. Tare muka je, tare muka dawo." Mazan duk suka gaskata.

Ta juya wajen Awadiyya, Bahaushiyar Sudan mai dafa musu shayi.

"Ya ukhti, 'yar'uwata, ban ɗaga daga kan murhu ba, ga mutane shaida. Na dai ga Nana tana ɓare jan ƙwai, hannunta jawur kamar mai lalle. Na juya, shi ke nan."

Saura hanyar fita, kuma guda ce. Murja ta gangara wajen tsohon mai kwalekwale.

"Ammu Hasan, ka ƙetare da yaro bayan azahar?"

"Ko ɗaya, 'yata. Da na gan shi a kafaɗar uwarsa."

"A cikinmu wa ya ƙetare?"

"Mace guda, da niƙabi. Da jaka a bayanta irin taku."

"Ka ga launin jakar?"

"Ina zan gani? A ƙarƙashin hijabi take. Ko zama ba ta yi ba, a tsaye ta yi tafiyar tana jijjiga, na ce tsoron ruwa ne. Da ta dawo kuma ba jakar."

Murja ta juya da sauri. Ta hau tudu ta ce kowa ya ɗauki jakarsa. Kowa ya ɗauka, babu wanda hannunsa ya rasa.

Ta je ta tsaya a kan Ummukulthum, wadda ita kaɗai ce mai niƙabi a cikinsu.

"Yaya Ummu, tashi ki ɗaga hijabinki ta baya."

"Ke Murja, baƙin ciki ya taɓa miki kai? A gaban maza?"

"Maza, ku juya."

Awadiyya ce ta kama gefen hijabin ta ɗaga. A kafaɗun farar rigar, dama da hagu, ga shatin 'yan yatsu jajaye, inda ƙaramin hannu ya riƙe.

"Ammu Hasan bai yi ƙarya ba," in ji Murja. "Matan ƙasar nan a kafaɗa suke ɗora yaro, shi ya sa a kafaɗa yake nema. Bai san goyo ba. Ya ga tudu a baya, ya ga mun zo da jakunkuna, ya ɗauka jaka ce. To wa ke sa jaka cikin hijabi? Wa ke yi wa jaka jijjiga? Kin cire mata takalmi kamar yadda kowace uwa ke yi kafin goyo, hannunki ya saba da jerawa, sai kika jera. Tana ina?"

Kukan Ummukulthum ya ɗauke kamar an kashe rediyo.

"Sau nawa Hajiya ta aiko a kai mata jikarta kika hana? Gidaɗo ya mutu a ƙasar mutane, ita ma sai ta tashi a ƙasar mutane? Tamu ce."

"Shi ne kika so in koma gida ina zaman makokin mai rai, don kada in nema. Tana ina?"

"Tana ƙetare wajen Abakar, a mota," ta ce da ƙyar. Abakar mijinta ne. "Yau za mu kama hanyar Aswan, mu bi ta Sudan."

Harun ya kira 'yan sandan bakin kogi ta waya, Ammu Hasan ya ce, "Yalla!" ya tura kwalekwale. Kafin su isa gaɓa har an tare motar, Abakar na tsaye yana zufa tsakanin 'yan sanda biyu. Nana tana kujerar baya tana barci, an naɗe ta da zanen gwaggonta.

Murja ta ɗauke ta, ta kara kunne a ƙirjinta, ta saurara har sai da ta tabbatar. Sannan ta warware zanen ta yar a ƙasa.

Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya dubi Ummukulthum da aka ƙetaro da ita, ya dubi Murja. "Madam, ta ce 'yar'uwarki ce. Ma'alish, ki yi haƙuri, ranar biki ce. Ku sasanta a gida?"

Murja ta gyara wa yarinyar kwanciya a ƙirjinta.

"Ɗazu ta yi wa 'yata kukan mutuwa alhali ta san inda ta ajiye ta. Ka tafi da ita."