Katin Da Yaya Ta Ɓoye

Ranar da injin liƙa leda ya ƙone katin wani dattijo, a ranar budurwar da ke tsaron shagon ta fara ganin mai gyaran.

Shagon fotokofi ne ɗan ƙarami, tebur ɗaya, fanka ɗaya, sai bokitin wanke hannu a bakin ƙofa. Tun da annobar nan mai kama numfashi ta shigo, rabin aikinta ya koma liƙa wa katin rigakafi leda. Mai shagon ne ya turo mai gyara, wani dogon saurayi da jakar kayan aiki a kafaɗa. Bai shigo ba sai da ya wanke hannu.

"Sannu da aiki. Ina marar lafiyar?"

Ta nuna masa injin ba tare da ta ɗago ba. Takunkumi ya rufe masa rabin fuska, amma da ta saci kallonsa ta ga dariya a idonsa.

"Ke kuma ba kya magana ne, ko ita ma muryar gyara take so?"

Ta ja gyalenta ta juya baya. Aikin minti goma ne, ya kai awa ɗaya yana yi. Da yamma wayarta ta yi ƙara.

"Gimbiyar shiru, mai gyara ne. Na karɓi lambarki don in ji lafiyar inji. Ƙarya nake, taki nake son ji."

Sau uku tana rubutawa tana gogewa, kafin ta tura: "Lafiya lau muke, ni da injin, Injiniya."

Wata huɗu suka yi a haka. In ya zo zance a waje suke zama, benci ɗaya, kowa a ƙarshensa, saboda Abbanta mai ciwon asma ne, ba ta wasa da abin da za ta kwaso ta kai masa gida. Saboda shi ma ta je aka yi mata allurar tun farko-farko.

Da maganar aure ta taso, sai ga Ummansa ta zo shagon da kanta, wai za ta yi fotokofi. Ta ƙare mata kallo sama da ƙasa.

"'Yata, an yi miki allurar nan?"

"Eh, Umma. Sau biyu."

Umma ta zaro cokalin shayi daga jaka. "An ce maganaɗisu suke zubawa. Miƙo dantsenki."

Ana zafi, ga tsoro ya sa gumi ya jiƙa ta. Cokalin ya ɗan manne kafin ya faɗi ƙasa. Umma ta yi salati, ta fita ko takardarta ba ta ɗauka ba.

Bayan la'asar saƙonsa ya shigo: "Na ɗora wa Umma cokali a nata dantsen, ya manne fiye da naki. Na ce gumi ne. Ta ce in fita mata daga ɗaki."

Ta yi murmushi, amma na biyun ya tsinka mata zuciya.

"Gimbiya, ba cokalin ba ne damuwarta. Ta ce duk macen da aka yi wa ba ta haihuwa. Na ce ni ma an yi min, ta ce ni namiji ne. Har ta fara yi min maganar 'yar ƙawarta."

Ta ajiye wayar. Akwai abin da ta sani wanda shi bai sani ba.

Wata tara da suka wuce, tun kafin ta san shi, wata mata ta shigo shagon tana waige-waige, ta miƙo kati a naɗe cikin hankici. "Ƙanwata, don Allah ki rufa min asiri. Mahaifiyata ta ce duk 'yarta da ta yi allurar nan ba ta yafe ba." Ta yi mata alkawari. Sai daga baya, da ya nuna mata hotunan gidansu, ta gane matar nan yayarsa ce. Kuma yanzu Yaya tana ɗauke da ciki wata shida.

Kalma ɗaya ce za ta ƙare maganar. Amma ba tata ba ce.

Washegari ya zo da ido jajir, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ga dabara. Ki ce wa Umma kati kawai kika samo, ba a tsira miki komai ba."

"In yi mata ƙarya?"

"Ƙarya ɗaya, Gimbiya. Ta kwana ɗaya."

"Ba ta kwana ɗaya ba ce, Injiniya. Kullum na gaishe ta sai na tuna. Kuma in ta yarda da ni, sai ta ƙara yarda allurar mugun abu ce. Ita fa tana da hawan jini, irin su cutar ta fi kayarwa."

"To ki zaɓa, ni ko gaskiyarki."

Ta sunkuyar da kai, hawaye ya jiƙa mata takunkumi. Ya juya ya tafi.

Kwana tara babu saƙo. Ta rame. Abinci sai Mamanta ta tsaya a kanta. Duk ƙarar babur sai ta leƙa. Har wurin nas ɗin da ta yi mata allura ta koma, don maganar Umma ta fara shiga ranta.

"Anti, da gaske ba ta hana haihuwa?"

Nas ta yi dariya ta ajiye biro. "Ke, 'yan mata! Allurar nan koya wa jiki take ya gane cutar, ba ruwanta da mahaifa. Ciwon dantse da ɗan zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu, yawanci shi ke nan. Zo ki leƙa layin masu awon ciki, ki tambayi nawa aka yi wa."

Ta fito da sauƙi a ranta, amma wayar tana nan shiru.

A rana ta goma, tana goge tebur, Yaya ta shigo tana tura ciki, ta zauna tana haki.

"Kin faɗa masa?"

"A'a, Yaya."

"Ko da wasa?"

"Na yi miki alkawari."

"An sa ranar da za a je gidan waccan yarinyar, kin sani? Asabar."

Ƙyallen ya suɓuce daga hannunta. Ba ta sani ba. Ta dafa tebur, ta ce a hankali, "Allah ya sa hakan ne alheri."

Yaya ta zuba mata ido. Sai ta miƙe. "Rufe shagon nan ki biyo ni."

"Yaya, za ta yi fushi da ke, ga halin da kike ciki."

"Shi ya sa yau ce ranar. Duka dai ba za ta yi min ba."

Umma na tsakar gida tana ninke wanki, shi kuma yana tsugune yana gyaran wata tsohuwar rediyo. Ya miƙe da ya gan ta. Yaya ta durƙusa da ƙyar, ta ajiye katin a kan cinyar Umma.

"Umma, ki duba kwanan wata. Sannan ki dubi cikina."

Umma ta kai katin kusa da ido, ta nisanta shi, ta miƙa wa ɗanta. Ya karanta mata. Umma ta dubi Yaya.

"Kika yi, bayan abin da na ce?"

"Na yi, Umma. Na ga yadda maƙwabciyata ta sha wahalar numfashi, na tsorata. Ki yafe min. Wata uku bayan nan na samu cikin. Yarinyar nan ita ta liƙa min ledar, ta sani tun farko. Aurenta na rushewa a gabanta, amma ba ta buɗe baki ba."

Umma ta juyo wurin yarinyar. "Gaskiya ne?"

Ta gyaɗa kai.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Amana ce, Umma."

Umma ta murza bakin zanenta. Sai ta ɗora hannu a kan cikin 'yarta, kamar mai son ta ji da kanta. Abin da ke ciki ya motsa. Ta share ido da bayan hannu.

"Tashi, na yafe miki, ja'ira." Ta harari ɗanta. "Kai kuma da ka tsaya kamar turke, ba za ka ba ta kujera ba?"

Kafin ta isa gida saƙo ya riga ta: "Na ce ki yi ƙarya don ki same ni, ashe ni ne ban cancanci samunki ba. Ki yafe min, Gimbiyata."

Ta amsa: "Na yafe. Amma kwana taran nan sai ka yi bayani."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a fili, mutum bai fi ashirin ba, kujeru nesa-nesa. Da aka kawo ta gaban Umma ta durƙusa, Umma ta sunkuyo ta raɗa mata, "Litinin za ki raka ni wurin nas ɗin nan taki. Amma ki riƙe min hannu, ni tun ina yarinya ba na son allura."

Amarya ta yi dariya a cikin mayafi. Umma ta dafa kanta, ta dafa na ɗanta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya rufa muku asiri kamar yadda kika rufa na 'yata."

Duk wurin aka amsa da amin.