Hannun Kalokalo

Yaya Lantana ta rage fitila, ta ce mu matso, kada a ji tarin kowa.

Akwai wani makaniki, Mati, mai gyaran kalokalo, injin cacar nan da ake sa kwabo a ja hannun ƙarfe. Ya san cikinsa sarai: ƙafafu uku masu hotuna, waɗanda in suka tsaya iri ɗaya an ci, da sifirin na ƙarfe, da birki. Babu sa'a a ciki, juyi ne kawai. Maigidansa ya kafa masa doka ɗaya: mai gyara ba ya jan hannun injin. Da yatsa ake gwadawa, ciki a buɗe.

Wata magariba yana yanke ta bayan tsohuwar silima, wani dattijo ya tare shi. Hannun rigarsa na dama fayau, babu komai ciki. Yana taka tsakuwa, ba ƙara. Ya ce injinsa ya tsaya, a taimaka.

Injin na cikin wani kango, duk tsatsa. Mati ya sauya sifirin, ya rufe.

"Ɗana, ja mini. Ka ga ba ni da hannu."

Mati ya ce ba ya ja. Dattijon ya zuba masa ido. Tausayi ya kama Mati. Ya kama ƙarfen, ya ji shi da ɗumi kamar jikin mutum. Ya ja.

Lemo. Lemo. Na ukun ya leƙo, ya wuce.

"Saura kaɗan," in ji dattijon. Ya juya ya tafi, yana kaɗa hannu biyu.

Tun ranar hannun Mati ya daina jin maganarsa. Yana cin tuwo, sai hannun ya tashi ya ja iska. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, shiru. Da aka daina amfani da injin mai hannu, ya yi murna, ashe na lantarki ne ya zo, hannun ya koma danna maɓalli. Yanzu abin ya shiga waya. Kekensa ya tafi a caca, kayan aiki suka bi.

Matarsa Kubura takan ɗaure hannun da ɗankwalinta. Yana kallo, babban yatsan na motsi a ƙarƙashi.

Rannan ƙanensa ya zo gaishe shi. Mati ya ji bakinsa ya buɗe da kansa, a hankali: "Ɗana, danna mini."

Kubura ta fitar da yaron da gudu, ta sa sakata.

Yaya Lantana ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce kada wanda ya bi bayan silimar nan shi kaɗai. In kuwa wani ya ce a ja masa, a sa hannu a aljihu a wuce.