Tsamiyar Inna

Ladidi tana bakin murhun banda tana juya kifi lokacin da Dudu, yayar mijinta, ta shigo gidan babu sallama, babu mayafi, ƙafafunta duk taɓo.

"Ladidi... ki zauna."

"Yaya, kifina zai ƙone. Mi ya faru?"

"Jirgi ya kife wajen tsamiyar Inna. Dauda bai fito ba."

Ladidi ta tsaya da kifi a hannu. Zafinsa yana cin yatsunta amma ba ta sake shi ba.

"Wajen tsamiya?"

"Can."

"Ita fa? Ta fito?"

Dudu ta kalle ta kamar ba ta gane ta ba. "Ina gaya miki mijinki yana ƙarƙashin ruwa, ke kina tambayata wata?"

"Ina tambayarki, Yaya! Malama Mariya ta fito?"

"Ta fito. An same ta rungume da reshe."

Sai a lokacin kifin ya faɗi. Ladidi ta zube a ƙasa, kuma abin da ya fara fita daga bakinta bayan salati ba sunan Dauda ba ne.

"Ya kai ta... Wallahi ya kai ta!"

Duk wanda ya san yadda aka yi aurensu ba zai yi mamakin wannan magana ba.

Dauda ɗan Gungawa ne, mai kwalekwale a bakin ruwan Yelwa. Ba kamun kifi ne babban aikinsa ba, yawo da baƙi ne. In baƙo ya sauka Yauri yana son ganin gari, wajensa ake turo shi. Ya san inda dorinar ruwa take fitowa shan iska, ya san gungu, wato tsibirin da ake noman albasa har bakin ruwa, ya san ranar da kasuwar Wara take cika da jirage. Ga shi da bakin labari. Baƙo zai shiga jirginsa yana tsoron ruwa, ya fito yana tambayar yaushe za a koma.

Mahaifin Ladidi tela ne a kasuwar Yelwa, kuma da ya ji wanda take so sai ya ajiye almakashi.

"Mai yawo da mutane kallon ruwa? Wannan ma sana'a ce? Ga Jabiru nan da jirgin inji, yana ta aiko min da mutane."

Amma Innar Ladidi 'yar gungu ce. Tana budurwa aka tashe su, aka tare kogi a Kainji, ruwa ya hau ya shanye garinsu. Ba ta cika maganar ba, sai dai wani lokaci in tana daka takan ce, "Akwai wata tsamiya a ƙofar gidanmu." Ladidi ta taɓa faɗa wa Dauda haka a zance, ta ma manta ta faɗa.

Shi bai manta ba. Ya yi ta bin tsofaffi yana tambaya, ya yi ta yawo a ruwa shi kaɗai. Da ruwan tafki ya ja baya, sai ya zo ya durƙusa gaban Inna.

"Inna, ki ara min safiya guda."

Ya ɗauke su ita da Ladidi. Ya bi da su ta tsakanin kututturan itatuwan da ruwa ya ci, a hankali, yana taɓa ruwan da filafili kamar mai lallashin jariri. Can sai ga wasu baƙaƙen rassa sun leƙo daga ruwa, ɗaya ya lanƙwashe kamar gwiwar hannu.

Inna ta miƙa hannu ta kama reshen. Ta shafa shi.

"A nan muke ɗaura lilo," in ji ta. Sai kuka.

Da suka koma gida ta ce wa mijinta, "Malam, wanda ya maida ni ƙofar gidan ubana, shi zan ba 'yata." Tela ya yi ta faɗa har ya gaji, aka ɗaura aure.

A hanyar dawowa ranar nan ne Ladidi ta matso kusa da Dauda ta yi ƙasa da murya.

"Ka nuna wa baƙinka komai. Dorina, gungu, kasuwa, duk na bar musu. Amma ban da nan."

"Ban da nan, Ladina."

"Ka rantse."

"Na rantse da wanda ya yi ruwan."

Bayan aure, kowace safiya ita take riga shi zuwa bakin ruwa da ƙoƙonta, ta kwarfe ruwan da ya kwana cikin jirgin. Matan unguwa suna yi mata tsiya.

"Amarya, jirgin kika aura ko mai jirgin?"

"Duka biyun, kuma ban da abin bayarwa aro!"

Ana nan aka yanke sabuwar jiha, aka ce yanzu su 'yan Kebbi ne. Ma'aikata suka fara zuwa daga Birnin Kebbi, kowa da abin da ya kawo shi. Cikinsu har da Malama Mariya, wadda aka turo ta zaga ta rubuta wuraren da baƙi za su so gani, za a buga ɗan littafi mai hotuna. Doguwa ce, mai tabarau, da kyamara rataye a wuya. Aka ce mata ta nemi Dauda.

Ranar farko ya dawo gida yana dariya.

"Kin san da ta ga dorina mi ta ce? Wai ko za ta ƙara buɗe baki, ba ta ɗauka da kyau ba!"

Ladidi ta yi dariya ita ma.

Washegari Malama ce. Jibi ma Malama ce. Ya kai ta ganin tsohuwar ganuwar Birnin Yauri, wurin da ko ruwa babu. Ya kai ta Wara ranar kasuwa. Ya fara wanke rigarsa mai kyau da kansa.

"Yau kuma ina za ku, kai da Malamarka?"

"Malamata? Aiki ne fa, Ladina."

"Ni ka taɓa kai ni ganuwa?"

"Ke da kika ce tarin ƙasa ne kawai?"

"To yanzu ina son ganin tarin ƙasar!"

Ya kamo hannunta yana dariya, ta fizge.

Jabiru ne ya ƙara wa wutar itace. Tun da aka hana shi ita bai taɓa wuce ta bai yi magana ba. Wata safiya tana kwarfe jirgi ya zo ya tsaya a kanta yana goge hannu da tsumma.

"Sannu da aiki, matar Dauda. Ki share da kyau, wurin zaman Malama ne."

Ba ta ɗago ba.

"Jiya na hango su can ƙasa, wajen tsofaffin garuruwa. Tana ta tambayar wata tsamiya. Ta ce hotonta za a sa a bangon littafi."

Ƙoƙon ya tsaya a hannunta.

"Wa ya gaya mata akwai tsamiya?"

"Oho. Wa take yini da shi?"

Da Dauda ya dawo ko ruwa ba ta ba shi ba.

"Ka gaya mata!"

"Na ba ta labarin yadda na same ki, shi ke nan. Ta tambaye ni ina da mata, na ce ina da wadda na nemo a ƙarƙashin ruwa."

"Har ta kai ga tambayar kana da mata?"

"Ladidi, don Allah..."

"Ka kai ta?"

"Ban kai ta ba."

"Za ka kai ta!"

"Na rantse miki sau ɗaya. Ba na rantsuwa sau biyu a kan abu guda."

Da safe ba ta tashi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da filafili a kafaɗa.

"Ladina, jirgi na jiranki."

Ta juya fuska bango. "Ta zo ta kwarfe maka."

Ta ji ya ɗan tsaya. Ta ji ya ɗauki ƙoƙon daga inda take ratayewa. Ta ji takunsa har ya ɓace.

Kafin la'asar Dudu ta shigo da labarin.

An samo shi washegari, aka yi masa sutura. Masunta suka jawo kwalekwalensa, ko tsaga babu, ƙoƙon yana ciki. Mutane suka cika gidan, ana ta cewa ya yi shahada, ta yi haƙuri. Ladidi tana amsawa da baki, amma abu guda ne yake cin ta: ya karya rantsuwa, ya mutu a wurinsu da wata a gabansa. In ta fara kukan rashinsa sai fushi ya tare kukan. In ta fara fushin sai ta tuna ba wanda za ta yi wa.

Ana cikin zaman makoki Dudu ta leƙo ɗaki.

"Malama Mariya ce a waje."

"Ta koma inda ta fito."

"Tun safe take tsaye cikin rana."

"Ta shiga ruwa ta sha inuwa, ai ta saba!"

Inna ce ta ɗaga kai daga tasbaha. "Ladidi, a ƙofar gidan ubana aka tsince ta. Ina son in ji."

Mariya ta shigo. Babu tabarau, babu kyamara, hannayenta duk ƙujewa. Ta durƙusa nesa da tabarma ta yi gaisuwa. Ladidi ta kawar da kai.

"Na san ba ki son ganina."

"Kin ga tsamiyar? Ta yi miki kyau?"

"Ba shi ya kai ni ba."

Inna ta ajiye tasbaha.

"Na roƙe shi har na ji kunyar kaina. Kullum sai ya ce, Malama, duk tafkin nan naki ne, amma wancan wurin na matata ne. Na ji haushi. Na ɗauka ƙauyanci ne. Sai Jabiru ya same ni ya ce shi ya san wurin, ya taɓa bin bayanku, zai kai ni da inji mu dawo kafin azahar."

"Ƙarya kike."

"A jirgin Jabiru na tafi. Ki tambayi duk wanda ke bakin ruwa."

Dudu ta ce a hankali, "Jirgin Jabiru ne ya kife, Ladidi. Tun ranar nake son gaya miki, ba ki bari."

Mariya ta ci gaba. "Mijinki ya kai masu albasa wani gungu kusa da wurin. Ya hango mu, ya miƙe cikin jirgi yana ɗaga filafili, yana ihu mu rage gudu, akwai kututture. Jabiru ya yi dariya ya ƙara wuta. Sai na ji kamar an daki ƙasan jirgin da gatari."

Inna ta rufe ido.

"Ban iya ruwa ba. Mijinki ne ya cafko ni ya kai ni jikin reshen. Ya koma don Jabiru, wanda tsohuwar komar masunta ta naɗe wa ƙafa a ƙasa. Ya kwance shi, Jabiru ya taso. Shi ne bai taso ba."

Ladidi ta daɗe tana kallon hannayen matar. Su ne hannun Dauda ya riƙe kafin ya koma cikin ruwa. Wani kishi ya taso mata, wanda ya fi na da zafi.

"Ke kika ji muryarsa ta ƙarshe."

"Ni ce."

"Ni matarsa ina nan ina juya kifi, ke kina jin muryarsa!"

Mariya ta sunkuyar da kai.

"Mi ya ce?"

Mariya ta ɗago ta kalli Dudu.

"Ki gaya min! Ya ambace ni?"

Dudu tana ta yi wa Mariya alama da ido ta ce e. Mariya ta gani. Ta girgiza kai.

"A'a. Cewa ya yi, Malama, riƙe da hannu biyu, kar ki kalli ƙasa."

Ladidi ta yi wani sauti, rabi dariya rabi kuka.

"Shi ne... Wallahi shi ne. Haka yake ce wa kowane baƙo." Ta share fuska da gefen zane. "Da kin ce ya kira sunana, da na san duk sauran ma ƙarya ne."

Sai kukan ya zo, na gaskiya, wanda ba fushi a cikinsa. Ta kifa kai a cinyar Inna tana kiran "Dauda! Dauda!" kamar yana bakin ƙofa da filafili a kafaɗa.

Da Mariya za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ba zan sa tsamiyar a littafin ba."

"Kar ki sa," in ji Ladidi. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba.

Jabiru ya bar Yelwa kafin ta fita takaba, aka ce ya koma wajen Shanga. Littafin ya fito, wani ya kawo mata. Akwai dorina da baki a buɗe, akwai ganuwa, akwai kasuwar Wara. A wani shafi ga bayan wani mutum a kan kwalekwale, ba a ga fuskarsa ba, amma ta san rigar. Har yau in ta buɗe shafin sai ta ji wani abu ya soke ta, don ba ita ta ɗauki hoton ba.

Masu son sayen jirgin sun zo, ta hana. Ta sa aka jawo shi aka ajiye ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Wani tsohon masassaƙi ya ce mata jirgin katako in ya rabu da ruwa tsagewa yake yi.

Shi ya sa kowace safiya, kafin ta hura wutar banda, takan ɗauki ƙoƙon nan ta cika shi a randa. Da can kwarfe ruwa take yi daga cikin jirgin. Yanzu zubawa take yi, tun daga kai har wurin zamansa, a hankali, har katakon ya yi baƙi.