Littafin da Ya Raɗa wa Mijin Yaya Suna

Ana cikin shanya a tsakar gida ƙannen Rediyo biyu suka fara. Ɗaya ta sunkuyar da kai tana murza hular ƙarya a hannu, ɗayar ta shaƙe murya: "To... to, Mama, gaisuwa na zo, to." Mama ta yi dariya har bokiti ya suɓuce mata. Saurayin Rediyo suke kwaikwayo, mai gyaran kushin ɗin nan da ya zo jiya ya zauna a bakin tabarma, gumi na karyo masa.

"An samu Malam To na biyu!" in ji ƙaramar.

Rediyo ta haɗiye maganarta, don ita ta koya musu. Sunan Rediyo ma da kwaikwayon muryar mutane ta samo shi. Tana 'yar shekara sha biyar akwai wani littafin soyayya da ta karanta har bangonsa ya fita. A ciki akwai gaye mai mota da turare da Turanci, akwai kuma ɗan uwan yarinyar, wani sanyi-sanyi da komai aka ce masa sai ya ce "to". Ranar da mai gyaran famfo ya zo neman auren Yayarsu, Rediyo ta leƙa ta taga ta ce ga Malam To ya fito daga littafi. Ya auri Yaya, amma shekara goma sha ɗaya ke nan sunan na bin bawan Allah.

Yanzu Baba ya ce shi bai ji komai game da saurayin Rediyo ba sai dariya, kuma ba zai ba da 'yarsa ba sai wanda ya yarda da shi ya bincika masa. Duk dangi kuwa babu wanda Baba ya yarda da shi kamar mijin Yaya, mai kai shi asibiti duk wata.

Da rana abin ya cushe mata, ta ciro littafin daga ƙasan akwati ko za ta samu sanyi. A shafi na arba'in gayen ya mari yarinyar don ta gaisa da malaminta a hanya. A gefe ga rubutun Rediyo da jan biro: "Wayyo, kishi!" har da zanen zuciya. Ta ci gaba da karatu. Da uwar yarinyar ta kwanta ciwo, gayen fure ya aiko da direba. Malam To na littafin ne ya goyo tsohuwar daga bene, ya yi jinyarta kwana tara. A saman sunansa Rediyo ta zana kunnuwan jaki. Ta rufe littafin ta kifa fuska a filo, sai kuka.

Washegari ta sami mijin Yaya a shagonsa, zaune cikin fayif-fayif yana naɗa wa kan famfo farin tef. Ta durƙusa, sai ta ga ba ta ma san da me za ta kira shi ba. Da ƙyar ta ce, "Yaya, ina kwana." Ya ɗago ya dube ta. Ta ba da haƙuri tana inda-inda, ita da ake cewa bakinta ba ya mutuwa.

Ya ce ai ya san littafin, tun shekarar farko ya ara ya karanta don ya ga wanda aka raɗa masa sunansa.

"To, na ga mutumin bai cuci kowa ba, sai na bar shi," in ji shi. "Ba ni za ki ba haƙuri ba, ƙanwata. Yayarki ce. Shekara uku ba ta yarda mun shiga gidanku tare ba, a bakin layi take cewa in sauke ta. In ta dawo kuma ta yi ta kuka, wai ta ji kunyata a gaban ƙannenta."

Batun saurayin nata kuwa, ya ce zai je ya duba, amma abin da ya gani shi zai faɗa wa Baba, ko ya yi mata daɗi ko bai yi ba.

Daga nan ta wuce gidan Yaya, amma Yaya ba ta yi sauƙi haka ba. Ta bar Rediyo durƙushe a ƙasa har ta gama goge rigunan makarantar yara guda biyar, sannan ta ce, "Kin iya muryar kowa, amma ko sau ɗaya ba ki taɓa jin tawa ba. Tashi, na yafe."

Mako biyu Rediyo na jira, ba ta iya cin abinci sosai. Ranar wata Asabar Baba ya kira ta falo ya ce mijin Yayarta ya je shagon mai kushin sau uku, ya tambayi maƙwabta, ya ce yaron ba ya cika baki kuma ba ya saɓa ranar da ya sa wa mai aiki. Su turo manyansu.

Ta fito tana share hawaye, kunya ta fi murnar yawa. Ta gane cewa dariyar minti ɗaya wani yakan yi shekaru yana haɗiyarta, kuma mai haƙurin da ka raina yana iya zama wanda farin cikinka ke hannunsa.